Tsoho ya ce “to”, ƙwayoyin kuwa suna ƙarƙashin katifa

Ranar sallama daga asibiti kusan kullum kamarta ɗaya. Likita na tsaye a gefen gado riƙe da fayil, ya fuskanci babban ɗa ko ’yar da ta yi boko, yana ta jero bayani: wannan sau biyu, wancan da dare, a rage gishiri, a dawo bayan mako biyu. Mai ciwon, wanda cikinsa za a zuba wa duk waɗannan, yana kwance yana jan carbi. Can a ƙarshe wani ya waiwayo ya ce, “Baba, ka dai ji ko?” Ya ce, “To.” Bayan wata guda a komo da shi jini ya hau, ƙafa ta kumbura. In da wani zai ɗaga katifarsa a gida, zai tarar da ƙwayoyin mako uku a ƙulle cikin leda.

’Ya’ya kan ce taurin kai ne, ko rikicin tsufa. Sau da yawa kuwa kara ce. Dattijo ba zai yi wa likita musu a gaban ’ya’yansa ba, kuma ba zai dubi ɗan da ya kashe kuɗin gado da na magani ya ce masa “ba na so” ba. “To” ɗinsa na nufin ya ji. Yarda wani abu ne daban. Zai bari a koma gida, inda babu nas babu likita, inda shi ke da ikon haɗiye ƙwaya ko tofar da ita. Duk tsarin jinyar da aka ƙulla ba a ji ta bakinsa ba, a nan yake kwancewa, domin shi ne mai zartar da shi ko an so ko ba a so ba.

Doka ma tana gefensa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta ɗora wa ma’aikacin lafiya a Najeriya ya sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfani da haɗari da kuɗin kowace, da kuma ’yancinsa na ƙin karɓa, kuma ya yi bayanin da harshen da mutumin ke fahimta. Tun 2001 Kotun Ƙoli ta yanke cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da likita na ganin ransa ya dogara a kai. Babu inda aka ce wannan ikon yana faɗuwa a shekara 70 ko 80. Sa hannun babban ɗa a takardar amincewa da tiyata bai wadatar ba muddin uban yana cikin hayyacinsa, kuma biyan kuɗin asibiti bai mayar da jikin uba mallakar mai biya ba.

Likitocin da suka ƙware kan tsofaffi kaɗan ne ƙwarai a ƙasar; cibiyar farko ta irin wannan aiki sai a 2012 aka buɗe ta a asibitin koyarwa na Ibadan. A mafi yawan garuruwanmu likitan kowa da kowa ne zai ga Baba, cikin ’yan mintuna, layi na jiransa a waje. Saboda haka rabin wannan aiki na iyali ne.

Kafin a fara tambaya

Tsofaffi da yawa da ake cewa “ba ya gane magana” ba sa ji ne kawai. Kunnen tsufa yana fara rasa siraran sautuka, irin su s da f da sh, shi ya sa mutum ke jin ana magana amma kalmomin sun cakuɗe. Ihu ba ya gyara wannan, ƙara dagula shi yake yi, ga kuma cin fuska. A zauna daidai tsayinsa, a fuskance shi inda haske ke faɗa wa fuskar mai magana, a kashe rediyo, a sassauta murya ta yi kauri, a yi magana ɗaya bayan ɗaya. In bai ji ba a sauya kalma maimakon maimaita wadda ta ƙi shiga. A sa a leƙa kunnen ma, don wani lokaci dattin kunne ne ya toshe, aikin ’yan mintuna. Mai tabarau ya sa tabaransa, mai haƙoran roba ya sa su. Wanda bakinsa ya lotsa ba ya son doguwar magana a gaban baƙi.

Lokaci ma yana da tasiri. Hantsi, bayan an karya, ya fi yamma. Masu matsalar mantuwa sukan fi rikicewa daga la’asar zuwa magariba, mai ciwo kuwa ba ya iya auna komai sai an fara rage masa zafin.

Sai batun waɗanda ke cikin ɗakin, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Uwa da ke kunyar ɗan farinta ba za ta ce masa fitsari na kufce mata ba. Uba ba zai yi zancen mafitsara ko basir a gaban ’yarsa ko surukarsa ba. In ɗakin ya cika da ’yan dubiya, amsar kowace tambaya “da sauƙi” ce, ko “Alhamdulillahi”. A tambaye shi tun farko: “Baba, wa kake so ya zauna a yi maganar da shi?” Likita ko nas ya nemi minti biyar shi kaɗai da majinyaci, kowa ya fita har da mai biyan kuɗi. Wanda kuma bai kamata a manta da shi ba shi ne mai jinyar ta haƙiƙa, wadda ke wanki da juyawa da tashin dare, yawanci ’ya ko suruka ko matar da ita ma tsufan ya kama. Ɗan da ke Abuja yana turo kuɗi yana ba da umarni ta waya yana da nasa matsayi, amma bai san ƙarfe nawa Baba ke ƙin cin abinci ba.

Tambayar farko

Kada a fara da sunan cuta ko jerin magani. A fara da ranarsa. “Inna, me kika saba yi da yanzu ya gagare ki, kuma kike so ya dawo?” “Baba, me ya fi damunka a wannan ciwo?” A yi shiru a jira, ko da shirun ya yi tsawo. Amsoshin ba sa kama da abin da ke cikin fayil: in iya zuwa masallaci da ƙafata; in kewaya ba tare da an riƙe ni ba; in zauna a ƙofar gida da abokaina; in ga auren jikata; kada in zama kaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗannan amsoshi su ne awon da za a gwada kowane magani da shi, su ne kuma abin da zai sa ya jure wa mai wuya. Tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye ba zai yi atisayen da masu gashin ƙashi suka koya masa sau uku a rana don “ƙarfafa tsoka” ba. Zai yi in ya san taku arba’in ne tsakanin ɗakinsa da masallacin unguwa kuma yau ya kai goma sha biyu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsarin duba tsofaffi mai suna ICOPE a 2017, wanda ke duba abubuwa shida: motsi, abinci, gani, ji, tunani da alamun damuwa ko baƙin ciki. Wasu gwaje-gwajensa kowa zai iya yi a gida. Ya tashi daga kujera sau biyar cikin daƙiƙa 14 ba tare da dafawa ba? Ya rage kilo 3 cikin wata uku ba da niyya ba? An faɗa masa kalmomi uku ya tuno su bayan ɗan lokaci? Amfaninsu a nan shi ne suna ba da abin tattaunawa a fili: ga inda aka samu rauni, wanne za mu fara gyarawa? Ya zaɓa.

In an zo zaɓi, a kawo biyu ko uku, har da abin da zai faru in ba a yi komai ba. A bar lissafin kashi cikin ɗari, a ce “cikin mutum goma masu irin ciwonka”. Sannan a tabbatar ya fahimta, amma ba da “ka gane?” ba, don amsarta kullum “na gane” ce. A ce: “Baba, in Hajiya ta tambaye ka me likita ya ce game da wannan farar ƙwayar, me za ka gaya mata?” Abin da ya faɗa zai nuna inda bayanin ya tsaya. In kuma ya ce “duk abin da kuka ga ya dace”, a ɗan ƙara taku ɗaya: “Mun ji, amma cikin biyun nan wanne ya fi kwanta maka?” Wasu da gaske suke so a yanke musu, kuma miƙa wuyan ma zaɓi ne da ake girmamawa, in dai an tambaya an tabbatar.

Ƙwayoyin ƙarƙashin katifa

Kusan kowace ƙwayar da tsoho ya ɓoye tana da dalili, kuma yawancin dalilan suna da gyara in an ji su.

Furosemide, ƙwayar fitar da ruwa daga jiki wadda aka fi sani da Lasix, ita ce kan gaba. Tana fara sa fitsari cikin awa ɗaya, ta ci gaba har wajen awa shida. Ga mutumin da alwala ke da wuya a gare shi, banɗaki na can ƙarshen tsakar gida, gwiwa kuma ba ta lanƙwasuwa, wannan azaba ce. Ranar Juma’a, ko ranar ɗaurin aure, ko ranar tafiya, ba zai sha ba. Daga nan sai ya ga bai mutu ba, ya daina baki ɗaya, ruwa ya taru a ƙafa da huhu. Gyaran ba wuya: da sanin likita a matsar da lokacin zuwa bayan sallar asuba don ƙarfinta ya wuce kafin azahar, ranar fita a sha bayan an dawo, kuma kada a sha ta da yamma liƙis don kada a kwana ana zarya cikin duhu. A ajiye masa fo ko bokiti mai murfi a ɗaki.

Amlodipine, maganin hawan jini, na kumbura idon sawu, sai tsoho ya ɗauka ƙoda ce ta lalace ko an yi masa jifa. Lisinopril, shi ma na hawan jini, na kawo busasshen tari mai hana barci, kuma akwai ’yar’uwarta losartan da yawanci ba ta yin haka. Metformin, maganin ciwon suga, na ɓata ciki da sa gudawa in an fara da yawa ko an sha ba abinci. Farawa da 500mg tare da abinci na rage wannan. Glibenclamide, wato Daonil, mai arha ce kuma tana ko’ina, amma tana daɗewa a jiki, tana iya kayar da sugan tsoho ƙasa sosai musamman in ƙodarsa ta yi rauni ko bai ci abinci ba. Wanda ya taɓa jin wannan karkarwa da gumi da duhun ido ba zai so ya sake ba, kuma yana da gaskiya. Likitocin tsofaffi suna guje mata, kuma ba sa matsa wa sugan dattijo mai rauni ya sauko kamar na matashi, domin faɗuwar suga ta fi kusa da kashe shi.

Jiri in an miƙe tsaye shi ma abin tambaya ne. A auna jini yana kwance, a sake aunawa bayan ya miƙe da minti ɗaya da kuma minti uku. In lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, wataƙila maganin hawan jinin ya yi masa yawa. Wannan ne ke kayar da tsoho in ya taso daga sujada ko ya tashi kewayawa da dare, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru kan zama mafarin kwanciyar da ba a tashi.

A kowace ganin likita a tattara duk abin da yake sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya. Diclofenac da ibuprofen da ake saya don ciwon gwiwa suna hau da jini, suna cin ƙoda, suna ƙwaƙule ciki. Jiƙo da tsimi da garin magani da zuma da habbatussauda, a tambaya ba da faɗa ba. In aka yi faɗa zai ci gaba da sha a ɓoye, likita kuma ya rasa sanin abin da ke haɗuwa a cikin. Tambaya mai buɗe baki ita ce: “Cikin waɗannan, wanne ne in da hali da ka daina?” Sau da yawa likita zai ga akwai wanda lokacinsa ya wuce, ko biyu masu aiki ɗaya, ko wanda za a mayar sau ɗaya a rana. Ƙwaya biyar da ake sha sun fi tara da ke cikin leda. Sai dai ragewar aikin likita ce, don akwai magungunan da tsayar da su farat ɗaya ke da haɗari.

Abinci da azumi

Dokar abinci ita ce inda iyali suka fi wuce gona da iri. Ana cewa suga, sai a hana tuwo, a hana fura, a hana shinkafa, a bar mutum da wake da acca da alkama har ya tsani kwano. Tuwon alkama ma yana hau da suga. Yawan abin da aka ci da abin da aka haɗa shi da shi ne ke da muhimmanci. Dattijon da ya shekara 75 yana cin tuwon dawa, a bar masa tuwonsa, a rage malmala, a yawaita miyar ganye. Ramewa ta fi zama barazana gare shi a kan ɗan hawan suga. Gishiri kuwa, abin da ake so bai wuce giram 5 a rana ba, kusan cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen maggi da kanwa suna cikin lissafin. In aka cire duka rana ɗaya miya ta yi lami, zai aika jika ya sayo masa tsire. A rage a hankali cikin makonni, a cike gurbin da daddawar kalwa da citta da tafarnuwa da albasa, kuma ya zama shi aka tambaya wane abinci ne ba zai iya rabuwa da shi ba.

Azumin Ramadan ba a yanke shi da umarni. Mutumin da bai taɓa shan azumi ba tun balagarsa, in ɗansa ya ce “likita ya hana”, zai ɗauka a ɓoye, kuma zai sha ƙwayar sugansa da sahur yadda ya saba, wanda shi ne mafi haɗari. A yi zaman tun watan Rajab ko farkon Sha’aban. In likita ya ga haɗarin ya yi yawa, kamar mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, ko wanda sugansa ya faɗi har ya suma kwanan nan, ko mai mantuwa, a kawo malamin da tsohon ya yarda da shi ya yi masa bayanin rangwamen da ke cikin aya ta 184 da 185 ta Suratul Baƙara, da ciyarwar mudu ɗaya na Annabi kowace rana da malaman Malikiyya suka so ga tsohon da ba zai iya ba. Maganar malaminsa ta fi ta ɗansa shiga. In kuma ya dage, kuma hankalinsa garau, to a yi yarjejeniya: likita ya sauya lokaci da yawan magani, a jinkirta sahur, a riƙa auna suga da rana, kuma shi da bakinsa ya amince zai karya in ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a injin da ke auna mg/dL, ko in karkarwa da ruɗewa suka zo. A ajiye sukari kusa: cokalin cin abinci ɗaya a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. Haka sallar zaune da taimama. Rangwamen sananne ne, amma sai ya ji daga bakin da ya amince da shi kafin ya daina tilasta wa gwiwarsa.

Jiki da muhalli

Wa zai yi masa wanka, wa zai kai shi banɗaki, wannan nasa ne ya faɗa, kuma a yi ƙoƙari namiji ga namiji, mace ga mace. Pampas na manya yana sauƙaƙa wa mai jinya, amma in aka ɗaura wa wanda zai iya zuwa banɗaki da ɗan taimako, cikin makonni zai daina ƙoƙari, ga zubewar girma da yake ji a ransa. A fara da kai shi kewayawa duk awa biyu ko uku, da kujera mai rami a kan masai, da ƙarfen dafawa a bango, da fitila a hanya. In pampas ya zama dole, a yi shawara da shi: na dare kawai, ko na tafiya. Wanda ba ya iya juyawa da kansa ana juya shi duk awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, kuma ko wannan a gaya masa kafin a taɓa shi.

Ɗauko tsoho daga ƙauye zuwa gidan ɗa a birni na cikin shawarwarin da ake yankewa da kyakkyawar niyya su ɓaci. A can yana da majalisa, da maƙwabta, da awaki, da mutanen da ke zuwa neman shawararsa. A nan yana bayan get, kowa ya tafi aiki, tayil na santsi. Mai mantuwa kuwa sauyin wuri kan ƙara rikita shi. In asibiti ne ya sa dole a zo, a yanka wa’adi tare da shi, a ce zuwa bayan ganin likita na gaba, kuma a cika. In ya zaɓi zaman gidansa duk da haɗarin, a kai taimakon can: jika ya kwana da shi, a samu ma’aikacin lafiya na kusa ya riƙa leƙowa yana auna jini. Gonarsa da dabbobinsa da katin fanshonsa, ba a taɓa su don jinya sai da izininsa.

Manyan shawarwari

“Likita, kada ka gaya masa, zai karaya.” Kowane ma’aikacin asibiti ya san wannan roƙo. Yawancin tsofaffi sun riga sun gane daga fuskokin ’ya’yansu da yawan ’yan dubiya, sai kowa ya zauna yana ɓoye wa kowa. Hanyar tsakiya ita ce a tambaye shi nawa yake son sani: “Baba, sakamakon ya fito. Kana so a yi maka bayani duka, ko ka fi so a yi da su Alhaji?” In ya ce a yi da ’ya’yansa, an bi zaɓinsa. In ya ce a faɗa masa, a faɗa kaɗan-kaɗan, ana tsayawa. Mutum na da basussuka da amanoni da neman gafara da yake so ya kammala, kuma ɓoye masa na ƙwace masa wannan dama.

Wankin ƙoda na nufin zuwa asibiti sau biyu ko uku a mako, wajen awa huɗu kowane zama, ba ranar gamawa, ga kuɗin da ke cinye gidaje. Ga wanda ya haura 80 da wasu cututtuka masu nauyi, ƙarin kwanan da wankin ke bayarwa yakan ragu sosai, kuma akwai hanyar kulawa da magani da rage wahala ba tare da shi ba. Dole ya ji duka biyun. In ana shakka a yi gwaji mai wa’adi: wata ɗaya, sannan a zauna a tambaye shi ko ya ga amfani. Robar ciyarwa ta hanci tana da amfani na ɗan lokaci ga wanda shanyewar jiki ta hana haɗiya, amma ga mai mantuwar da ta kai ƙarshe ba a ga tana tsawaita rai ba, kuma sau da yawa sai an ɗaure hannu don kada ya fizge. Ciyarwa da cokali a zaune, da kunu mai kauri, a bar shi zaune rabin awa bayan nan, ta fi masa daɗi.

In ya ƙi wani abu, a nemi abin da ke ƙarƙashin ƙin. Mai ƙin aikin yanar ido yawanci tsoro ne, bai san aikin ba ya kai awa ɗaya kuma ba a sa mutum barci ba. Tsaransa da aka yi wa ya koma karatun Alƙur’ani ya fi kowa iya shawo kansa. Mai cewa “ku dai kai ni gida” wani lokaci kuɗin ’ya’yansa yake tausayi. A faɗa masa gaskiyar kuɗin da wanda ya ɗauki nauyi, a bincika ko yana cikin tsarin inshora. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa (NHIA) ta 2022 ta sa tsofaffi cikin rukunin masu rauni, kuma jihohi na da nasu hukumomin inshorar lafiya, kamar KSCHMA a Kano. In bayan duk wannan ya tsaya kan bakarsa, ko da yanke ƙafar da suga ya ɓata ne, a gaya masa abin da zai biyo baya ba tare da tsoratarwa ba, a ci gaba da wanke ciwon da ba da maganin zafi, a bar ƙofa a buɗe. Inda ake taka masa birki shi ne inda wasu za su cutu: tuƙi da idon da ba ya gani, ko girki da wuta ga mai mantuwa.

In hankali ya fara gushewa

Ƙin bin shawarar likita ba shaidar gushewar hankali ba ne. Abubuwa huɗu ake dubawa: ya fahimci bayanin, ya riƙe shi har ya yanke shawara, ya auna amfani da illa, ya iya faɗar abin da ya zaɓa ko da da ishara. Ana duba su ne kan kowace shawara daban. Wanda ba zai iya auna batun tiyata ba yana iya sanin sarai wa yake so ya yi masa wanka.

A rarrabe ruɗewar farat ɗaya da mantuwar tsufa. Wanda jiya lafiya lau, yau yana sambatu, yana ganin abin da babu, ko ya yi lamo ba ya magana, ba aljanu ba ne kuma ba “tsufa ya zo” ba. Yawanci ciwon mafitsara ne, ko na huhu, ko zazzaɓi, ko ƙarancin ruwa, ko faɗuwar suga, ko fitsari ko bayan gida da ya ƙi fita, ko sabon magani. Asibiti ake kai shi a ranar, kuma duk shawarar da za ta iya jira a jinkirta ta har ya dawo hayyacinsa. Mantuwar tsufa kuwa a hankali take tafiya cikin watanni da shekaru, shi ya sa farkonta ne lokacin tambaya. Mutane na jin nauyin zancen ƙarshen rayuwa kamar mugun fata ne, alhali dattawanmu da yawa sun tanadi likkafaninsu da kansu, sun faɗi wanda zai yi musu wanka da salla. Daga nan ake shiga: “Baba, in ciwo ya yi tsanani ba ka iya magana, wa zai yi magana a madadinka? Asibiti ka fi so ko ɗakinka?” Ba dole wakilin ya zama babban ɗa ba, kuma a faɗi sunansa a gaban shaidu don kada rigima ta tashi a bakin gado. Aikin wakili shi ne ya faɗi abin da Baba zai ce, ko da ya saɓa wa abin da shi yake so.

Duk abin da aka cimma a rubuta a shafi ɗaya: burinsa da kalmominsa a sama, magunguna da lokutansu a ɗaure da salloli maimakon ƙarfe, abin da ya ƙi, wanda zai yi wane aiki, alamun da za su sa a tafi asibiti nan take, sunan wakili. Mai karanta ajami a rubuta masa da ajami. Wanda ba ya karatu a karanta masa a naɗi muryarsa yana amincewa, a tura wa ’yan’uwa a WhatsApp, don mai zuwa daga nesa da sabon magani a jaka ya ji daga bakin mai jikin. Kwafi ɗaya a bango, ɗaya cikin ledar magani mai zuwa asibiti. A sake zama a kai duk wata uku, da kuma duk lokacin da ya faɗi, ko aka kwantar da shi, ko aka sauya magani, ko mai jinya ta gaji. A wannan zaman a ƙirga ƙwayoyin da suka rage a gabansa, a kwatanta da ranar da aka saya. In sun fi yadda ya kamata, a tambaye shi wacce ce ke damunsa da kuma me take yi masa.